Neman Maganin Damuwa a Ikko: Inda Za a Fara da Abin da Za a Tarar

Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ƙanen wani maƙwabcina a Agege. Acaɓa yake yi, da ita yake aika wa gyatumarsa kuɗin cefane a gida. Da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Legas ranar 1 ga Yuni, 2022, aka kuma ƙara wasu 4 a watan Satumba, sai hanya ta ƙuntata masa. Ba a jima ba aka kama babur ɗin da bai gama biyan kuɗinsa ba. Daga nan ya shige ɗaki. Ba ya faɗa da kowa, ba ya surutai, ba ya tsince-tsince a bola. Ya dai daina cin abinci sai an matsa, ya bar zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa. In ka gaishe shi sai ya ce "lafiya lau", idonsa na ƙasa. Wata huɗu muna cewa ya yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa. Sai ranar da ya ce wa wansa, "Yaya, ni fa da na tafi da kowa ya huta," sannan jikinmu ya yi sanyi.

Ba mugunta ce ta sa muka yi jinkiri ba, ƙofar ce ba mu sani ba. A tunaninmu asibitin ƙwaƙwalwa na wanda ya tuɓe ne. A Kano a ce Dawanau, a Kaduna a ce Barnawa, a nan Ikko a ce Yaba, kowa ya kauda kai. Ba mu san akwai inda mutum zai je da ƙafarsa, ya zauna a kujera, ya faɗi abin da ke cin ransa, a saurare shi, ya koma bakin sana'arsa a ranar ba. Ba mu san wasu wuraren ma kyauta ne ba. Abin da na koya wajen rakiyar wannan yaro, da wasu a bayansa, shi na tara a nan daki-daki, don kada wani gida ya ɓata wata huɗu kamar yadda muka ɓata.

Da farko, a rarrabe damuwar yau da gobe da wadda ta zama ciwo

Zaman Legas kansa kaya ne. Ga kuɗin haya na shekara, ga cunkoson hanya, ga mutum shida a ɗaki ɗaya, ga waya daga gida kullum ana cewa a turo. Wannan kowa na ɗauke da nasa. Abin da likitoci ke dubawa biyu ne: tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da kuma ko ya hana mutum harkokinsa. Idan ƙuncin rai ya kai mako 2 kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci da ci suka rikice, jiki ya mutu, yana ganin kansa a matsayin kaya a wuyan mutane, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Mu Hausawa ba kasafai muke buɗe baki mu ce muna baƙin ciki ba. Jiki ne ke yi mana maganar. Sai ka ji "tsakiyar kaina na zafi", "wani abu na yi mini yawo a jiki", "ƙirjina ya yi nauyi", "tunani ya yi mini yawa". Idan mutum ya sha maganin maleriya da na taifot sau biyu sau uku a kemis, gwaji bai nuna komai ba, ciwon kuma yana nan, a fara tunanin ko zuciya ce ke ɗauke da abin da baki bai faɗa ba.

Akwai kuma fargaba mai zuwa kwatsam: zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, numfashi ya sarƙe, mutum ya ji kamar ajali ne, bayan 'yan mintuna ya lafa. Akwai firgicin waɗanda suka ga tashin hankali. Da yawa cikin 'yan'uwanmu da ke gadi ko turin baro a garin nan daga Borno, Zamfara ko Katsina suka gudo. Za ka ga mutum yana zabura in an buga nokawut a ƙarshen shekara, yana mafarkin abu guda, ba ya son a ambaci garinsu. Duk waɗannan zaman tattaunawa da gwani yana taimaka musu ƙwarai.

Amma idan mutum yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kafe a kan ana bin sa za a kashe shi, ko ya yi kwanaki ba barci yana zuba magana yana rabon kuɗin jarinsa, wannan ba na zaman shawara kaɗai ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa ake nema, kuma da wuri.

Na biyu, buɗe maganar

A nan aka fi yin ɓarna. Kada a tara wa mai damuwar mutane, kada a yi a majalisa. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma ya yarda da shi ya isa. Bayan sallar isha, ko a hanyar dawowa daga kasuwa, a ce, "Ɗan'uwa, kwana biyu na ga ba ka yadda na san ka. Me ke faruwa?" Daga nan a yi shiru a bar shi. Shirun nan yana da wuya, domin bakinmu ya saba da saurin cewa "sai haƙuri". Haƙuri gaskiya ne, amma in ya zo kafin a saurara, rufe ƙofa yake yi.

Kalmomin da nake roƙo a guje musu su ne "raki", "ragwanci" da "rashin tawakkali". Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni.

In babba ne, a bi ta inda ba zai ji an raina shi ba: "Baba, na ga barci yana ba ka wahala. Mu je a auna jini, mu kuma gaya wa likita maganar barcin da yawan tunanin nan." Ka faɗi gaskiyar inda za ku. Wanda aka yaudara aka kai shi asibiti sau ɗaya, da wuya ya sake yarda ya bi ka.

In kuma ka ji kalma irin wadda yaron nan ya faɗa, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Sau da yawa ma ajiyar zuciya za ka ji, don an samu wanda bai ji tsoron maganar ba.

Idan abin na gaggawa ne

In ya amsa da e, ko ya riga ya yi yunƙuri, ko ya rikice har ana tsoron ya ji wa kansa ko wani ciwo, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, tarin ƙwayoyin magani da duk wani makami daga ɗakin. A kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Legas ne, ba a cajin kuɗi. Ko kuma a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a buɗe yake dare da rana. A LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, akwai shirin SURPIN, wanda aka fara a 2017 don hana kisan kai, suna amsa waya, har da layin masu jin Hausa.

Tsoron 'yan sanda kan sa a ɓoye wanda ya yi yunƙuri a gida. A sani cewa dokar laifuffuka ta jihar Legas ta 2011 ta tanadi a kai irin wannan mutum asibiti ne, ba kurkuku ba. In ya sha wani abu, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a tafi da shi tare da kwalbar abin da ya sha.

Na uku, zaɓar ƙofa

In ba gaggawa, fara da ta kusa. Asibitin sha-ka-tafi na gwamnati da ke unguwarku, inda mata ke zuwa awo da rigakafi, shi ne mafi arha kuma mafi sauƙin zuwa. Gwamnatin Legas ta horar da ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi da dama su gane ciwon damuwa da fargaba, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don wuraren da ba su da ƙwararru. Dalilin a fili yake: likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ba kowace cibiya ce ke da wanda aka horar ba, don haka ka tambayi nas ɗin da ke kan tebur kai tsaye ko akwai mai duba matsalar damuwa da rashin barci. In babu, nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Takardar nan tana rage yawo.

Sama da wannan akwai manyan asibitocin jiha, irin na Orile-Agege, Mushin, Isolo, Gbagada da Apapa. Likita zai fara auna jini da suga, ya duba ko ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo ne ke kawo kasala da bugun zuciya, domin ciwon jiki yakan yi shigar ciwon damuwa. Tambayi ranar da mai duba ƙwaƙwalwa ke zama, ko inda suke turawa.

Sai asibitocin koyarwa guda biyu, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, kowanne da sashen ƙwaƙwalwa. Mutanenmu na Idi-Araba da Mushin, LUTH a bakin ƙofarku take. Amfanin irin waɗannan shi ne ba wanda ya san wane sashe ka nufa in ya gan ka a bakin get, abin da ke kwantar wa mutane da yawa hankali.

Sannan Yaba. Tun 1907 aka kafa wurin, shi ya sa sunansa ya daɗe a bakin mutane da tsoro. Amma mafi yawan waɗanda za ka tarar a can ba a kwance suke ba. Ma'aikata ne, 'yan kasuwa, ɗalibai, iyaye mata, sun zo ganin likita su koma gida. A can ne ƙwararru suka fi taruwa wuri guda, kuma suna da reshe a Oshodi na yara da matasa. Daga Agege jirgin ƙasa na Jan Layi yana tsayawa a Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, da katin Cowry ake shiga, sai dai a san lokacin tashinsa tun daren jiya.

Akwai ƙofofin da ba a biyan ko kwabo. Matar da mijinta ke duka, ko yaron da ake azabtarwa, hukumar DSVA ta jihar Legas, mai yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, tana sauraron su, tana ba da shawara da taimakon shari'a. Wanda aka yi wa fyaɗe, mace ko namiji, babba ko yaro, cibiyar Mirabel da ke cikin LASUTH tun 2013 take duba su tana zama da su kyauta, kuma zuwa cikin kwana 3 na farko yana da muhimmanci saboda maganin kariya daga ƙanjamau. Ƙungiyoyin sa-kai irin su Mentally Aware Nigeria Initiative da She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, suna sauraron mutane ta waya da intanet. Mafi yawan zancensu da Turanci ne, don haka sun fi dacewa da ɗalibai da matasan da suka taso a nan.

Ka san waye waye kafin ka shiga. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam ba ya rubuta magani, da zama da tattaunawa yake aiki. Ma'aikacin walwala kuwa shi ke duba matsalar kuɗi, gida da iyali. In abin da kake so mai saurare ne, faɗa wa likita ƙarara ya haɗa ka da shi, don layi na da tsawo, ba kullum likita ke tunawa ya yi tayin ba.

Na huɗu, shirin ranar farko

A fita da sassafe ranar aiki, a ɗauka cewa yinin ya tafi: yankar kati, buɗe fayil, biyan kuɗi, jiran layi. A tafi da katin shaida, da duk kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya. A rubuta a takarda, ko da ajami ne, yaushe abin ya fara, me ya faru kafin nan, awa nawa ake barci, ko akwai mai irinsa a dangi. A gaban likita mutum yakan manta rabin abin da ya zo da shi.

Babbar matsalarmu a Legas ita ce harshe, kuma a nan zan daɗe. 'Ya'yan Agege da Idi-Araba da aka haifa a nan suna jin Yarabanci da buroka, ba su da damuwa. Amma ɗan ci-rani da ya zo bara, ko amaryar da aka kawo daga Funtuwa, burokarsu ta ciniki ce, ba ta isa ta ɗauki abin da ke zuciya ba. Sai an tafi da tafinta, kuma zaɓen tafinta rabin magani ne. Kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa, akwai abin da ba za ta taɓa faɗa a gabansa ba. Kada miji ya fassara wa matarsa in zaman auren na cikin abin da ke damunta. Kada maigida ya fassara wa yaron shagonsa. A nemi mai riƙon amana wanda ba shi da hannu a matsalar, mace ga mace in da hali. A gaya masa tun a hanya: abin da aka faɗa za ka faɗa, ba gyara, ba ragi. Na taɓa ganin tafinta, don kunya, ya mayar da "ina jin kamar in mutu" ya koma "ba ta jin daɗi". Irin wannan gyaran yana iya jawo asarar rai. A kuma tambaya ko akwai ma'aikaci mai jin Hausa a sashen, wani lokaci akan dace.

Mara lafiya na da damar cewa mai rakiya ya ɗan fita. Mace na iya neman mace ta duba ta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri, a kuma yi shawara da shi kan maganinsa. Ba za a kira maigidanka ko surukanka a ba su labari ba.

Kada a ɓoye wa likita komai. In kana ganin iska ce ko sammu, faɗa, sun saba ji. In kana shan wani abu, faɗi sunansa da yawansa. Ba ofishin 'yan sanda ba ne.

Me ake yi a zaman?

Mutanenmu kan zaci nasiha za a yi musu, sai su ce ai liman ma ya iya. Akwai bambanci. Zama yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, sau ɗaya a mako ko bayan mako biyu. A farko tambaya ce ta fi yawa. Daga baya sai a shiga aiki: a zaɓi matsala ɗaya daga cikin tarin da suka danne ka, a warware ta gida-gida, a ga wadda ke hannunka da wadda ba ta hannunka. A koya maka jan numfashi a hankali in fargaba ta taso. A bi diddigin tunanin da ke cewa "na gama lalacewa", a auna shi da abin da ke zahiri. Za a kuma ba ka aikin gida. Na yaron nan na farko shi ne ya fita sallar asuba a jam'i sau uku a mako, ya tsaya wurin mai shayi ko da minti goma. Wansa ya raina abin, ya ce wannan ne aka biya kuɗin mota a kai? Amma ciwon damuwa da zaman ɗaki yake ƙiba, ta fita kuma ake fara karya shi.

Ba zaman shekara da shekaru ba ne. Mutane da yawa suna ganin canji cikin zama 6 zuwa 12, akwai ma tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya mai zama 5 kacal. In ka yi zama uku ka ji jininku bai haɗu da mai sauraronka ba, nemi a canza maka, ba laifi ba ne.

In an haɗa da magani, a riƙe abu uku. Maganin damuwa ba fanadol ba ne, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ji aikinsa. In an ji sauƙi ba a dainawa, yawanci ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan warkewa. In kuma ya kawo jiri, yawan barci, bushewar baki ko raunin kusantar iyali, a koma a faɗa, akwai wani a madadinsa. Mai azumi ya tambayi yadda zai mayar da shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur.

Maganar kuɗi

A asibitin gwamnati kuɗin kati da na ganin likita ba su ne ke karya mutum ba. Kuɗin mota, kuɗin magani na wata-wata da yinin da aka rasa a kasuwa su ne nauyin. Ga dabarun da na ga sun yi aiki. Ce wa likita tun farko, "ƙarfina kaɗan ne, rubuta mini mai arha." Tsofaffin magunguna da yawa suna aiki sosai, kuɗinsu kuma bai kai na sababbi ba. Saya a kantin maganin asibiti ko babban kemis mai rajista, ba a tire ko cikin mota ba. In jiki ya daidaita, roƙi a tsawaita tazarar dawowa, ko a yi wani zaman ta waya. In abin ya gagara gaba ɗaya, tambayi ofishin walwala na asibitin, aikinsu ke nan duba marasa hali.

Ka kuma yi rajistar inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, wadda hukumar LASHMA ke gudanarwa. Ta mazauna Legas ce, ba ta 'yan asalin jiha kaɗai ba. Wajen rajista tambayi abin da tsarinka ya ɗauka na ganin likitan ƙwaƙwalwa da magani, a nuna maka a rubuce.

Masu zaman kansu sun fi sauri da sirri, sun kuma fi tsada nesa ba kusa ba. In za ka je, tambayi kuɗin kowane zama da yawan zaman tun kafin a fara. A yi hattara da waɗanda ke tallar kansu a TikTok da Instagram. Tambayi inda mutum ya yi karatu da asibitin da yake aiki. Wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, ko ya ce a zubar da maganin asibiti, ko ya nemi keɓewa da mace ta hanyar da ba ta dace ba, a bar shi.

Kowane shekaru da irin nasa

Yaro ba ya cewa yana cikin damuwa. Sai dai ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa ciwon ciki duk safiyar makaranta, ko ya zama mafaɗaci, ko ya yi tsit. Kafin a ɗauki bulala, a tambaya me ya canza: sabon malami, sabon maƙwabci, rasuwa, rabuwar iyaye? A sa ido musamman kan yaran da aka kawo riƙo ko aikatau daga ƙauye, waɗanda ba su da wanda za su kai wa kuka. Yaron da ya kai shekara 2 ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a kai shi a duba, kada a tsaya jiran bakinsa ya buɗe da kansa. Reshen Oshodi don irin waɗannan aka yi shi.

Mai jego ita ta fi ba ni tausayi a garin nan. A gida tana da uwa, da gwaggo mai yi mata wanka, da kunun kanwa, da masu karɓar jariri har ta yi arba'in. A Legas sau da yawa daga ita sai ɗaki, miji ya fita tun asuba. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko abu ne da aka saba, yakan wuce cikin mako 2. In ya zarce, ba ta barci ko da jariri ya yi, tana jin ba ta iya uwa ba, to ciwon damuwar bayan haihuwa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kusan mace 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa. 'Yar'uwa, ranar rigakafin mako 6, 10 da 14 dama ce a hannunki, ki gaya wa nas. In kuwa mai jego ta rikice tana maganganun da ba kai, ko tana tsoron jaririnta, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta da jaririn ita kaɗai.

Matasa kuma ga ƙwaya. Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, a shekarar ce kuma aka hana maganin tari mai kodin. A cikinmu da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan dako a Mile 12 ko yaron mota a Apapa ya fara shan tiramol ne don ya jure aiki, wani kuma don ya samu barci. Yawan tiramol na kawo farfaɗiya, haka ma yanke giya ko ƙwayar barci farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kansu, shi ya sa ake rage su a hannun likita. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na da layin shawara kyauta dare da rana, 0800 1020 3040, ba sai ka faɗi sunanka ba. In mai shan ya daina ya koma, a sake farawa, yawancin masu dainawa sai da suka faɗi suka tashi.

Dattawa kuwa, akwai waɗanda suka shekara arba'in a Ikko, abokan zamansu sun rasu ko sun koma gida, ƙarfi ya ƙare. Ba duk shirun tsoho ne tsufa ba, ciwon damuwa na kama su kuma yana jin magani. Mantuwar da ke ƙaruwa a hankali, har ya ɓata a hanyar masallacin da ya saba, tana bukatar likita, ba zargin maita ko gigi kawai ba. Amma tsohon da ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, jiya lafiya yau bai gane kowa ba, wannan yawanci ciwon jiki ne kamar zazzaɓi, ciwon fitsari ko rikicewar suga, a garzaya da shi.

Malam da likita

Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, Kirista ya ga fastonsa, a kuma sha magani a je zama. Malamin kirki ba zai ce a bar asibiti ba. Iyakar da ba a tsallakewa ita ce duka, ɗauri da sarƙa, hana abinci, da turaren da ke shaƙe mutum. Duk mun ga abin da aka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala. Iyayensu ba ƙin su suke yi ba, neman gyara suka je. Kada gajiya ta sa a ɗora ɗa a mota a tura shi irin wannan wuri.

Unguwa ma na da rawar takawa. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen ƙauye tare da danginsu, su je asibiti da rana su kwana cikin jama'a, har duniya ta yi koyi da shi. Mu ma muna da kayan aikin: fadar Sarkin Hausawa, kwamitin masallaci, ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Mile 12 da mayankar Oko-Oba, da Islamiyyun mata. Abu biyu kawai in kowace ta yi sun isa a fara: a ware mutum uku ko huɗu masu riƙon sirri, maza da mata, masu jin Turanci ko Yarabanci, da za su riƙa rakiya asibiti, a kuma buɗe ɗan asusu na kuɗin mota da magani, kamar yadda muke yi in za a kai gawa gida.

In tafiya gida ta taso

Mutanenmu ba sa rabuwa da hanya: Sallah, damina, biki, rasuwa. A nan magani ya fi yankewa. Kafin a hau mota, a koma asibiti a faɗa cewa za a yi tafiya, a karɓi maganin da zai kai har dawowa da ɗan ƙari. In zaman zai yi tsawo ko komawa ce gaba ɗaya, a nemi takarda mai ɗauke da sunan ciwon, sunan maganin da adadinsa. Da ita za a ci gaba a Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano, a Barnawa, a Kware ta Sakkwato, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, ba sai an faro daga tushe ba. A ɗauki hoton takardar da na katin asibiti a waya, a tura wa wani ɗan'uwa shi ma ya ajiye. Maganin kuma a sa shi a aljihu ko jakar hannu, kada ya shiga buhun da za a ɗaure a saman mota.